Karɓar baƙuncin gasar kotun gwaji a Kaduna: tambayoyin masu taimako da amsoshinsu

Waɗannan amsoshi na waɗanda aka roƙa ne su sa hannu wajen karɓar baƙuncin gasar kotun gwaji ta ɗaliban shari'a a nan Kaduna: ɗalibai 'yan sa-kai, lauyoyin da aka gayyata su hau kujerar alƙalanci, masu ba da aron ɗakin taro, da iyayen da ke son sanin inda 'ya'yansu za su wuni. Kowace gasa tana da kundin ƙa'idojinta. In abin da aka faɗa a nan ya saɓa wa na gasar da kake yi wa aiki, kundin ne gaba.

Wai mece ce kotun gwaji? Wasan kwaikwayo ne?

A'a. A wasan kwaikwayo kowa ya haddace abin da zai faɗa. A nan ɗalibi bai san abin da zai fito daga bakin alƙali ba. Masu shirya gasa suna ƙirƙiro wata rigima su rubuta ta dalla-dalla: wane ya yi kaza, kotun ƙasa ta yanke kaza, ga wuraren da ake ja. Sai a aika wa makarantu tun da sauran watanni. Kowace tawaga ta zauna ta rubuta hujjojinta a madadin ɓangarorin biyu, mai ɗaukaka ƙara da mai kare hukuncin baya, domin da safe kana iya tsayawa wa wannan, da yamma a juya ka ka tsaya wa wancan. Ranar gasa su miƙe a gaban alƙalai, galibi uku, su kare abin da suka rubuta, alƙalan na katse su da tambayoyi.

Babu shaidu, babu rantsuwa, babu wanda ake tuhuma a cikin akwati. Abin da ya faru an riga an yarda da shi a takarda, doka kaɗai ake ja a kanta. Duk wanda ya taɓa shiga zaman Kotun Ɗaukaka Ƙara a nan Kaduna ya ga siffar abin. Kuma ba ɓangaren da doka ta fi goyon baya ne ke ci ba, wanda ya fi iya kare nasa ne. Sau da yawa tawagar da ta ɗauki ɓangare mai rauni ita ke tashi da maki mafi yawa.

Me ya sa ake ba ta wannan muhimmanci haka?

Ɗalibi yakan shafe shekara biyar yana karatun shari'a a jami'a, a ce a Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan ya ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari, ko a Bagauda, ko wani reshen. A duk tsawon wannan lokaci ba shi da izinin tsayawa wa kowa a gaban kotu ta gaske. Kotun gwaji ce wurin da zai fara jin yadda ƙafa ke rawa in alƙali ya cire tabarau ya ce, "Ina hujjarka?"

Wannan tsari tsohuwar al'adar horar da lauyoyi ce a Ingila. Wadda ta fi suna a duniya yanzu ita ce gasar Jessup da aka fara a Amurka a 1960, inda ake kwaikwayon Kotun Duniya, ana kuma yin zagayen ƙarshe a Washinton. A Afirka akwai wadda Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria ke shiryawa tun 1992, tana yawo ƙasa-ƙasa kowace shekara, ana kwaikwayon Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya. An sa mata sunan Farfesa Christof Heyns bayan rasuwarsa a 2021. Gasannin cikin gida da dama sun ari ƙa'idojinsu daga irin waɗannan, shi ya sa za ka ji muna ambaton su nan da can.

Ban karanta shari'a ba. Ina da abin yi a wurin?

Sosai ma. Alƙalanci da duba rubutattun hujjoji ne kawai sai wanda ya karanta. Teburin rajista, tarbar baƙi a tasha, kula da lokaci, kai takardun maki, lissafi, abinci, janareto, duk hankali da riƙon amana suke buƙata, ba digiri ba. Malamar lissafi ta sakandare ta fi lauyoyi da yawa dacewa da ɗakin tattara maki.

An ce ni ne mai kula da lokaci. Aikin ɗaga kwali ne kawai?

Da haka ne da ba mu damu da wanda za a ba ba. Kai ne magatakardan ɗaki, kuma a ɗakin nan adalci yana hannunka fiye da yadda kake zato.

Ka iso minti 30 kafin zama. Ka duba kujeru, ruwa, takardun maki uku da biro a gaban kowane alƙali. Ka je wurin kowace tawaga ka rubuta lambarta, sunayen masu magana, da yadda suka raba lokacinsu. A tsarin Jessup kowane ɓangare yana da minti 45, mutum biyu ke rabawa, babu wanda zai haura minti 25, kuma suna iya ware har minti 10 domin martani a ƙarshe. Wasu gasannin minti 30 suke bayarwa ko ƙasa da haka. Ka sa shugaban tawaga ya sa hannu a kan rabon da ya faɗa, domin bayan zama mutane kan manta da abin da bakinsu ya ce.

Kayan aikinka: agogo biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana, da kwalaye masu manyan lambobi da aka rubuta da maka mai kauri, 10, 5, 3, 1, da na ƙarshe mai cewa lokaci ya cika. In da waya za ka auna, ka kashe layin, kada kiran gida ya shigo a tsakiyar hujja. Ka zauna inda mai magana da alƙalai duka za su gan ka ba sai sun juya wuya ba. In alƙalai sun shirya shigowa, a ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, ka ce "Kotu!", kowa ya miƙe.

Agogo ba ya tsayawa don alƙali ya yi tambaya. Tambaya da amsarta duk cikin lokacin ɗalibi suke. In lokaci ya cika, ka ɗaga kwalin ka riƙe shi sama, kada ka sauke sai an gani. Ɗalibi ne zai nemi alfarmar ƙarasawa, shugaban zama ne zai ba shi ko ya hana. In ya ce maka, "Ɗana, bar ta ta ƙarasa," sai ka ce, "To, Ya Mai Shari'a," ka rubuta ƙarin da aka yi, ka tunatar da shi in ɗaya ɓangaren ya zo wuri guda.

Inda aka fi samun matsala ba a lissafi ba ne, a kunya ne. An yi mana tarbiyyar kada mu katse babba, sai ga dattijon lauya ya ɗauko labarin wata shari'a da ya yi tun kafin a haife ka, lokacin yarinya na ƙonewa, kai kuma kwali na kan cinyarka ka kasa ɗagawa. Mun ga zaman da wata tawaga ta samu ƙarin kusan rubu'in awa ta wannan hanya, ɗayar kuma aka tsayar da ita daidai kan minti. Babu wanda ya yi niyyar zalunci, amma an yi. Ɗaga kwali ba rashin ladabi ba ne. Shi dattijon da kansa, in ya fito, zai fi ganin girmanka.

Ɗakuna nawa da alƙalai nawa za mu nema?

Ka raba yawan tawagogi biyu, ka samu ɗakuna. Ka ninka ɗakuna sau uku, ka samu alƙalai. Tawaga 16 na nufin ɗaki 8 a lokaci guda, alƙalai 24, masu kula da lokaci 8. In ɗaki 4 kawai aka samu, kowane zagaye sai an yi shi zama biyu, wuni ya ninka. Zama ɗaya, in aka haɗa muhawara da cika takardun maki da 'yar nasihar alƙalai, yakan ci awa biyu. Saboda haka zama uku a wuni shi ne daidai, huɗu kuwa sai kowa ya galabaita. A gayyaci alƙalai fiye da adadin da ake buƙata, domin ranar Asabar a Kaduna ba ta rasa ɗaurin aure, kuma wani zai bugo da safe ya ce an yi rasuwa. In tawagogi sun zo mara, a tanadi abin da ƙa'ida ta ce tun kafin ranar.

A ina za mu samo alƙalan, kuma yaya ake gayyatar su?

A zagayen share fage: lauyoyi ta hannun rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya na Kaduna, Barnawa, Zariya da Kafanchan, lauyoyin gwamnati na Ma'aikatar Shari'a, malaman jami'a, da majistarori. A zagayen ƙarshe ne ake neman alƙalin Babbar Kotu ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara, shi kuwa ba a tare shi a bakin mota. Takarda ake rubutawa ta bi ta ofishin babban rajistara tun da wuri.

Ko lauya ne, saƙon WhatsApp ba gayyata ba ne. A kai takarda ofis, a tafi da wani babba cikin kwamiti, a zauna a gaisa. "Ranka ya daɗe, yaranka ne za su yi gasa, muna roƙon ka ba mu awa biyu ranar Asabar, daga tara zuwa sha ɗaya." A faɗi awannin ƙarara. In aka ce "ka zo ka sa mana albarka" kawai, zai ɗauka bikin buɗewa ne, ya iso bayan azahar da babbar riga.

Sai abu mai ɗan nauyin faɗa. Lauyoyin garin nan kowa ya san kowa. Wannan ya koyar da wancan, wancan ya yi aikin koyon sana'a a ofishin wane, wata kuma 'yar ƙanwar matar wane ce. A ba kowane alƙali takarda ya rubuta makarantar da ya yi, wadda yake koyarwa, da duk wani ɗan takara da ya sani, sannan a tsara jadawali yadda ba zai zauna a kansu ba. Tawagogi kuma da lamba za a kira su, ba da sunan makaranta ba, a takarda da kuma a baki. Kada a bar kowa ya shigo da jaka ko fayil mai tambarin jami'arsa.

An gayyace ni alƙalanci, ban taɓa yi ba. Me ake so in yi?

Barista, da farko ki karanta. Za a aiko miki da labarin shari'ar da kuma takardar sirri ta alƙalai, wadda ta taƙaita dokoki da hujjojin kowane ɓangare. Ki karanta su kafin ranar, ba a cikin mota a hanya ba. Waɗannan yara sun yi watanni a kan shari'ar nan, suna gane wanda bai karanta ba tun daga tambayarsa ta farko. Takardar sirrin kuma kada ta kwana a kan teburin ofis inda ɗalibi mai koyon aiki zai gani.

Sannan ki yi tambaya. Alƙalin da ya yi shiru ya bar ɗalibi ya karanto takarda daga farko har ƙarshe bai taimake shi ba, kuma ba shi da abin da zai auna. Tambaya mai kyau gajeriya ce, tana bin hujjar da ake kai. A ce shari'ar ta shafi Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, ɗalibi ya ce ta hau kan kotunan Najeriya. Ki tambaye shi ta wace hanya, tunda sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Wanda ya shirya zai ce an mai da ita doka tun 1983, ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2000 a shari'ar Abacha da Fawehinmi. Sai ki ƙara matsa shi: to in ta ci karo da Tsarin Mulki fa, wa zai rinjaya? In ya ce Tsarin Mulki, ya nuna sashe na 1, kin san ya fahimta. In ya fara jujjuya takardu yana maimaita abin da ya faɗa, kin san hadda ya yi. Tambayoyi biyu kacal sun raba miki su.

Abin da ba a so shi ne lacca. Tambayar da ta ci minti uku, lokacin ɗalibi ta ci. Haka cin fuska: a matsa wa yaro a kan doka iya matsawa, amma ba a kan lafazin Turancinsa ko garin da ya fito ba. Ki ajiye gyara da shawara sai bayan an karɓi takardun maki.

Game da maki, ki cika takardarki ke kaɗai kafin ku tattauna da abokan zama. Ƙaramin lauya in ya ji abin da babba ya bayar, hannunsa yakan karkata can. A gasar Jessup maki na tsakanin 50 da 100 ne. Ko wane ma'auni ake amfani da shi, a taron alƙalai na safe a yarda a kan abin da ake kira matsakaici, domin kada ɗaki ɗaya ya zama na masu rabon 90, ɗayan na masu maƙo.

Yaya ake shirya ɗakin?

Dogon tebur a gaba da kujeru uku, mumbari ko ƙaramin tebur a tsakiya yana fuskantar su, teburin mai ɗaukaka ƙara a gefe ɗaya, na abokin hamayya a ɗaya gefen, 'yan kallo a baya. Ajin makaranta ya isa in an share shi. A gwada fanka: wadda ke ƙara ko ke kwashe takardu, gara a kashe ta. Janareto a kai shi nesa da taga. Makirufo sai a babban zaure na zagayen ƙarshe.

Wace rana ta fi dacewa?

Kotuna na zama daga Litinin zuwa Juma'a da safe, don haka Asabar ce ranar da za ka samu lauyoyi. In gasa ta kwana biyu ce ko uku, a tsara ta da sanin garin da ake ciki. Ranar Juma'a a tashi da wuri a ba mutane sararin zuwa masallaci su dawo su ci abinci. Safiyar Lahadi a bar wa masu zuwa coci. Azahar da la'asar a sa su cikin jadawali, kada a bar su ga sa'a, a kuma tanadi ruwan alwala da tabarmi.

A guji babban hutun kotuna, daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin alƙalai sun yi tafiya, ga kuma babban taron lauyoyi na ƙasa da akan yi a ƙarshen Agusta. Ruwan Agusta ma kansa abin lura ne: in ɗakin rufin kwano ne ba silin, ruwa na saukowa ba mai jin kowa. Maris da Afrilu kuwa, ka tuna yaran nan cikin baƙaƙen kwat za su tsaya. In ta faɗo cikin azumi, a yi zaman da safe. A tambayi makarantu lokacin jarrabawarsu kafin a buga kwanan wata.

Wa ke riƙe takardun maki?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kwamiti ya fara amsawa, amma galibi sai daren gasa ake tunawa da ita, bayan an gama gardamar kalar kyallen sanarwa da wanda zai yi jawabin maraba.

Da zarar alƙalai sun gama, mai kula da lokaci ya duba kowace takarda a gabansu: an cika kowane gurbi? An sa hannu? Lambar tawaga daidai ce? Jimilla ta fito? Manyan lauyoyi ma suna kuskuren tarawa, kuma gyara yana da sauƙi ne kawai kafin mutum ya shiga mota. In an goge lamba an sake rubutawa, alƙalin ya sa hannu a gefen gyaran. Sai a zuba a ambulan, a liƙe, mutum ɗaya da aka sani ya kai ɗakin lissafi kai tsaye, ba tsayawa gaisawa.

A ɗakin lissafi mutum biyu ne za su shigar da maki, kowa a kwamfutarsa, ba tare da kallon na juna ba, sannan a gwama. Inda suka saɓa a koma wa takarda. Ba ɗan takara, ba mai horar da tawaga, ba shugaban kwamitin da makarantarsa ke cikin gasa. Ƙofa a rufe. A san tsarin lissafin tun kafin ranar: a Jessup, alal misali, kowace karawa tana da maki tara, shida daga muhawarar baki, uku daga rubutattun hujjoji. A kuma rubuta yadda za a raba gardama in an yi kunnen doki tun kafin a san su wa abin zai shafa. Dokar da aka ƙirƙiro bayan an ga sakamako, ko ta yi daidai, ba mai yarda da ita.

Ɗalibin da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri ya sha kaye zai iya haƙura in ya ga takardunsa ya ga inda ya gaza. Wanda aka ce masa "haka alƙalai suka ce" kawai, zai koma gida da zargi, kuma da wannan zargin zai fara kallon aikin da yake shirin shiga.

Rubutattun hujjojin fa, su ma ranar ake dubawa?

A'a, makonni kafin nan, kuma da lamba ba da suna ba. Masu dubawa su ɗauki 'yan hukunce-hukuncen da aka ambata su bincika ko akwai su da gaske, a cikin mujalladan rahoton shari'u irin NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, ko a rumbunan intanet. Yanzu da ɗalibai ke neman taimakon ƙirƙirarriyar basira, akan ci karo da shari'a mai suna da shekara da shafi wadda ba a taɓa yin ta ba.

Tawagar masu masauki za ta iya shiga gasar?

Za ta iya in ƙa'ida ta yarda. Sharaɗi shi ne a raba: 'yan takara da mai horar da su ba ruwansu da kwamiti, ba sa ganin jadawali kafin kowa, ba sa shiga ofishin da ake buga takardu. Kuma kada ɗan makarantar ya kula da lokaci a ɗakin da tawagarsu ke karawa.

Baƙin da za su zo daga nesa fa?

Masu zuwa daga Abuja da yawa jirgin ƙasa suke bi, wanda ya fara aiki a 2016 daga Idu zuwa Rigasa. Tashar Rigasa ba a cikin gari take ba, baƙo kuma bai san kuɗin keke ba. A aika bas da mutum mai riƙe da kwali ya jira su. 'Yan Zariya, Kano da Katsina ta Kawo za su shigo. Zariya tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, amma kada a yarda tawaga ta ce za ta riƙa zuwa kullum da safe. Zaman ƙarfe tara ba ya jiran gyaran taya. A roƙi kowa ya taso da wuri ya iso da rana.

Masauki ya kasance a ɓangaren Kogin Kaduna ɗaya da wurin gasa, domin cunkoson gada da safe ya isa ya rusa jadawali. Masaukin mata daban, da babbar mace mai kula da su wadda iyaye za su iya kira. In uwa ta bugo ta ce, "Hajiya, ga amanar 'yata nan," a samu mai amsa mata da sunan yarinyar da lambar ɗakinta.

Abinci?

Mai sauƙi, a kan lokaci. Shayi da burodi ko ƙosai da safe, shinkafa da rana a cikin roba yadda kowa zai ɗauka ya wuce. Tuwo sai dare, in ba haka ba zaman yamma gyangyaɗi za a yi. Alƙalai su ci a ɗaki daban, ba don girma kaɗai ba, don kada hira ta haɗa su da 'yan takara.

Kuɗin daga ina, kuma mai ba da tallafi yana da ta cewa?

Masauki, abinci, man janareto da buga takardu su ne ke cin kuɗi. Kofi da satifiket ba su kai su ba. Ofisoshin lauyoyi kan taimaka, wasu da kuɗi, wasu da littattafan doka a matsayin kyauta, wasu da gurbin koyon aiki ga wanda ya yi fice, wanda a ganina ya fi kofi amfani. Mai tallafi a sa sunansa a kyallen sanarwa, a gode masa a bainar jama'a. Zaɓen alƙalai da tsara jadawali ba nasa ba ne. Kuma kada a dakatar da zama don jiran babban baƙo. A sa bikin jawabai a ƙarshen wuni, in ya makara kansa ya makarar.

Dole da Turanci za a yi? Shari'ar Musulunci na shiga?

Turanci ne harshen manyan kotunanmu, shi ya sa Tsarin Mulki a sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai ji ba. Gasar ƙasa da Turanci ake yin ta. Amma babu abin da ya hana masu masauki su shirya shari'ar gwaji a kan aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi ko riƙon yara, waɗanda sashe na 277 ya sa a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, har ma a yi wani zaman da Hausa don jama'ar gari su amfana. In za a yi, a nemo masana fannin su zauna. Ko a kotu ta gaske, ƙarar da ta taso daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya sai alƙalai aƙalla uku masu ilimin wannan fanni ke sauraron ta. Haka in shari'ar ta dokar gargajiya ce, jihar nan tana da kotun ɗaukaka ƙara ta wannan ɓangaren, akwai waɗanda za a gayyato.

Iyaye da abokai za su iya zuwa kallo?

Zagayen ƙarshe a buɗe yake, a zo. A zagayen share fage kowa ya tsaya ɗakin da tawagarsa take. Leƙen hujjojin waɗanda za a kara da su nan gaba laifi ne a yawancin gasanni, ko ta hannun aboki aka yi. Waya a kashe, ba tafi, ba shiga da fita ana tsakiyar magana, ba ɗaukar bidiyo sai da izinin kwamiti. Baba, in ɗanka ya kasa amsa tambaya, a daure kada a taya shi daga baya.

Wace sutura za a sa?

'Yan takara baƙi da fari, kamar yadda suka saba a makaranta, masu hijabi da hijabinsu. Hular gashi da rigar lauya ta waɗanda aka riga aka rantsar ce. Sai in ƙa'idar gasar ta ce a sa. 'Yan sa-kai su rataya katin shaida don baƙo ya san wanda zai tambaya.

In wata tawaga ta kawo ƙorafi fa?

A rubuce, cikin lokacin da ƙa'ida ta yanka, ga ƙaramin kwamiti na mutum uku da aka sanar da sunayensu tun ranar farko, waɗanda ba su da tawaga a gasar. A ji ɗaya ɓangaren kafin a yanke. Ƙorafi a kan lokaci, lissafi ko alaƙar alƙali da ɗan takara abin dubawa ne, nan ne takardar mai kula da lokaci ke amfani. "Alƙali bai so hujjarmu ba" kuwa ba ƙorafi ba ne.

An ba da kofi, an watse. Aikinmu ya ƙare?

Saura kaɗan. A mai da kujeru da makullai ga masu su a yadda aka karɓa, a biya mai abinci da direba kafin a kwanta. A tabbatar kowace tawaga ta isa gida. Cikin mako guda a aika wa kowace makaranta kwafin takardun makinta, a kai wa alƙalai da masu tallafi takardar godiya da hannu. Sannan a haɗa jadawali, kasafin kuɗi na gaskiya, lambobin alƙalan da suka zo a kan lokaci da kwalayen lokaci a cikin fayil ɗaya, a miƙa wa malamin da ba ya shirin barin makarantar, domin ɗaliban kwamitin bana yawancinsu baɗi suna Bwari ko Bagauda.